Hular da Baba Ya Jefa

Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.
19 ga Satumba, 1994.

Zuwa ga yayana Mujtaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajaratu da yara. Yaya jikin Baba? Yaya kuka ji da ruwa? Na ji shinkafar fadama ta nutse har kai, ɗakin Baba kuma ruwa ya shiga har gwiwa. Allah ya mayar da alheri, ya sa iyakar abin ke nan. Maigidana Malami yana yi maka jaje, ya ce da zarar hanyar Argungu ta yi daɗi zai zo da kansa.

To, gaisuwa ta ƙare, Yaya. Ka gyara zama, don raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye maka ba.

Jiya Arzika direba ya sauke mini buhu a ƙofar gida ya ce saƙonka ne. Na ɗauka albasa ce. Ina kwancewa sai ga kwamfutar Baba gunduwa-gunduwa: murfi daban, madannai daban, koren allon cikinta a naɗe cikin tsohon zanen Hajaratu. Ko layi ɗaya ba ka rubuto ba. Saƙon baki ne kawai, wai ruwa ya taɓa ta, kun shanya ta ta bushe amma ta ƙi tashi, in duba tunda ni ke aiki a ɗakin gwajin lantarki. In duba! Sai ka ce fitilar ƙwai ka aiko mini.

Buɗewar da kuka yi ba laifi ba ce, in da a inuwa kuka busar da ita. Ga abin da ya tayar mini da hankali. A tsakiyar koren allon akwai wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu jere hagu da dama, wadda masu gyaran rediyo ke kira ayisi. A bayanta akwai 'yar taga ta gilashi, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Tun ranar da marigayi ɗan'uwanmu Abdussamadu ya sa ta, tagar nan a rufe take da 'yar takarda da ya liƙa. Na juya allon sama da ƙasa, na zazzage buhu, na kakkaɓe zane, babu takarda. Tagar a buɗe take tana ƙyalli.

Ko ka manta abin da ke cikin ayisin nan? Bari in tuna maka. Lokacin da shanyewar jiki ta ɗauke wa Baba magana da hannun dama, ta bar masa na hagu yana rawa ba ya riƙe alƙalami, Abdussamadu ya ɗauko tsohuwar kwamfutar da ya dawo da ita daga karatu. Ayisin da kamfani ya sa mata baƙaƙen Turanci kaɗai ta sani, Baba kuwa bai san boko ba. Sai ya cire ta. Ya zauna hutun damina guda yana zana baƙaƙen ajami ɗigo-ɗigo a takarda mai gida-gida, yana kwaikwayon hannun Baba daga littattafansa. Ya zuba su cikin wannan ayisin, tare da umarnin da ke sa injin ya yi rubutu daga dama zuwa hagu da zarar an kunna. Da ita Baba ke danna yatsa ɗaya maganarsa ta fito a talabijin. Da ita yake neman ruwa, da ita yake gyara wa dattawan unguwa karatu, da ita ya wanke ka tas ranar da ka ba da aron jirgin ruwansa ba da saninsa ba. Bakin Baba ke nan, Yaya. Babu irinta a kasuwar Sakkwato, babu a Kano, babu ko'ina, kuma wanda ya yi ta yana kabari.

Irin wannan ayisin, haske ne ke goge ta. Haka aka ƙera ta. In rana ta daɗe tana shiga tagar nan, abin da ke ciki yana wankewa kamar yadda ake wanke allo. Aikin takardar ke nan, ba ado ba ce.

Bara sai da na roƙe ka. Na ce maka tun da aka yi mana jiha an kawo wa makarantarmu na'urar da ke karanta ayisi ta kwafe ta a wata, ka ba ni aronta in yi mana ta ajiya. Ka ce Baba ba ya iya yini ba ita. Ka ƙara da cewa dabara nake yi in janye Baba Birnin Kebbi. Na haɗiye maganar nan don kai ne babba. Yau ga shi Baba yana neman ya ƙare rayuwarsa ba ita.

Ka ba Arzika amsa gobe, a rubuce. Wa ya cire takardar? Tsawon wane lokaci allon ya yi a rana? Kuma ina takardun Abdussamadu masu gida-gida da ke cikin akwatin ƙarfe?

Ka gaida Baba, ka riƙe masa hannu ka ce Zakiyya ta karɓi aikin. Ka gaida Hajaratu da yara.

Ƙanwarka,
Zakiyya.


Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.
27 ga Satumba, 1994.

Yaya Mujtaba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Baba da jiki, da dukan mutanen gida. Ina fata ruwa ya ja baya kuma sauro bai dame ku ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta zo, gajeruwa kamar ana korar ka. Ka ce kai ka cire takardar da hannunka, domin Abdussamadu ya rubuta Bisimilla a kanta, allon kuma za a shimfiɗa shi a tabarma tsakar gida, cikin takalma da tukwane, kaji na bi ta kai. Ka ce ka adana ta cikin gafakar Alƙur'anin Baba. Ka ce allon ya fi mako a rana don ka so ya bushe har ciki. Takardun akwati kuwa sun zama kunu.

Yaya, gida ɗaya aka rene mu. Ni ma ba na wuce takarda mai sunan Allah a ƙasa. Amma wa ya hana ka ɗaga allon gaba ɗaya ka ɗora a kan rumbu? Ka ga abu a liƙe shekara da shekaru, wanda ya fi mu sanin injin ya liƙa shi, bai zo maka a rai ka tambaya ba? Argungu zuwa nan tafiyar hantsi ce, Arzika kullum yana hanya.

Duk da haka da na yi shiru, in da ba don zuwan Hajaratu ba. Shekaranjiya ta zo awo asibiti ta biyo ta wurina. Na tambaye ta jikin Baba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Zakiyya, tun ran da munka shanya kaya Baba yab birkice muna. Hula shika cirewa shi jehwa, mu ɗauko mu aza mai, shi ƙara jehwa." Na ce ina yake jefa ta? Ta ce wajen kayan shanya. Na ce wane kaya? Ta yi tunani ta ce wajen koren allon nan. Ta ce akwai ranar da hular ta faɗa daidai kan allon ta rufe shi, kai da kanka ka ɗauke, ka kaɗe ta, ka mayar masa a ka kana lallashinsa. Ta ce washegari ya zame daga kujera, ya ja jiki da gwiwar hannu cikin taɓo har ya kai tabarma, ya kifa tafinsa a kan allon. Kuka ɓamɓare shi, kuka wanke shi, kuka mayar da shi ɗaki kuka ja ƙofa don kada ya ji wa kansa ciwo.

Ka san abin da nake nufi ko sai na faɗa? Baba yana zaune ranar da Abdussamadu ya liƙa takardar nan. Ni ma ina wurin. A gabana ya ce wa Baba duk abin da za a yi kada rana ta ga tagar nan. A gidan nan kaf mutum ɗaya ne ya san abin da ke faruwa, kuma shi ne wanda ba ya iya faɗa. Yana zaune yana kallon ana goge masa baki, yana yi muku ihu da hula, ku kuna kaɗe mata ƙura. Hajaratu da ta gane sai ta fashe da kuka, na rasa ma yadda zan yi da ita. Ni ban yi kuka ba.

Sannan ta gaya mini abin da wasiƙarka ta tsallake. Wai Baffa Maigandi ya zo ya dubi Baba ya ce ruwan nan da iska ya zo, hankalin yayansa ya gushe, za a kai shi wurin wani mai magani can bayan Augie. Na san gidan da yake nufi, kai ma ka sani. Wurin da ake turara mutum da hayaƙi a sa masa mari a ƙafa. Mutumin da ya karantar da rabin unguwa za a kai can, don ya jefa hula? Kai kuma kana tsaye ka ce to? Wallahi in aka fitar da Baba daga gidan nan zuwa can, ni da kai sai dai a lahira.

Yanzu ka saurari aiki. Ayisin ba ta mutu duka ba, dusashewa ta yi. In na sa ta a na'ura na karanta, kowane karo abin da take ba ni daban. Amma na lura in na rage mata ƙarfin wuta kaɗan, wuraren da suka dusashe suna dawowa. Don haka ina karantawa ina maimaitawa, abin da ya zo iri ɗaya in ajiye. Aikin tsintar tsakuwa ne cikin shinkafa, amma yana tafiya. Sai dai ita kanta ba za ta ƙara aiki a kwamfuta ba. Dole a sami sabuwa, fanko, in zuba abin da na ceto.

Hajaratu ta ce za ka Sakkwato neman kayan injin ban ruwa. Ka shiga layin masu kayan rediyo. Ka nemi ayisi mai taga. Ka ƙirga ƙafafunta da yatsanka, ashirin da takwas. Lambar da ke bayanta ta ƙare da sittin da huɗu. Ba a sayen ayisi da ido kamar kifi, a ce wannan ta fi ƙiba. Duk abin da mai kanti zai faɗa maka, ka toshe kunne.

Ka buɗe wa Baba ƙofa. Ka gaya masa na ji labarin hula kuma na gane. Ka gaida kowa, ban da Baffa Maigandi.

Ƙanwarka,
Zakiyya.


Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.
10 ga Oktoba, 1994.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ka dawo daga Sakkwato lafiya, ka tarar da Baba da iyali lafiya. Sannu da hanya. Na san ka sha rana kana yawo a layin da ba ka saba ba, wannan kam na gode.

Amma Yaya, me na ce maka? Arzika ya kawo mini ayisi uku cikin kwalin ashana, kuma ko ɗaya babu wadda na aike ka. Ta farko ƙafa ashirin da huɗu gare ta. In na zaunar da ita a gurbin, ramuka huɗu suna kallona. Ta biyu ƙafafunta sun cika amma an kankare lambarta, ba a san asalinta ba. Ta uku lambarta ta ƙare da ɗari biyu da hamsin da shida. Ka rubuto a jikin kwalin, da alfahari ma, wai mai kanti ya ce irin tawa ta ƙare a kasuwa tuntuni, wannan ta ninka ta huɗu, babba ta fi ƙarama. Shi mai kantin ya taɓa ganin kwamfutar Baba? Sayarwa ce a gabansa, ya ga baƙo daga Argungu ya juye masa abin da ya kwana a kanti.

Bari in gaya maka yadda aka ƙare. Abin da ke cikin tsohuwar na ceto shi, sai baƙaƙe kaɗan da rana ta cinye ƙurmus. Su na zana da kaina, ina duban littafin Baba na fiƙihu da ke wurina. Ba su yi kyan na Abdussamadu ba. Duk wanda ya san hannunsa zai gane inda nawa ya shiga, kuma wannan tabon ba zai fita ba har abada.

Na fara da mai kankararriyar lamba. Wajen zuba rubutu, kowace irin ayisi da ƙarfin wutar da take ɗauka. Tsofaffi suna son ashirin da ɗaya, sababbi sha biyu da rabi. Lambar ce ke faɗa, lambar kuma wani mugu ya kankare. Na dubi jikinta na ce tsohuwa ce, na ba ta ashirin da ɗaya. Nan take ta yi zafi, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Na zauna ina kallonta ina tsine wa mai kantin nan da duk wanda ya koya masa sana'a.

Saura ɗaya, babbar. Na ba ta ƙaramar wuta, ta karɓi rubutu lafiya. Na karanta, komai daidai. Na rufe tagar da baƙin salatif, na zaunar da ita a gurbi, na haɗa kwamfuta da talabijin da batirin mota kamar yadda take a ɗakin Baba. Na yi Bisimilla na kunna. Babu komai, Yaya. Fari fat. Na kashe na kunna har Malami ya zo ya riƙe mini hannu. Rubutun yana ciki, na gan shi da idona, amma injin ya ƙi ganinsa. Ban san dalili ba tukuna, kuma ba ni da wata ayisin da zan yi gwaji da ita.

Ina cikin wannan Arzika ya ce mini ya ji a tasha cewa Baffa Maigandi ya yi maganar motar da za ta kai Baba bayan Augie ranar Juma'a in an sauko masallaci. A bakin direba zan ji wannan? Kai da ka iya rubutu a jikin kwalin ashana, wannan ne ba ka iya rubutawa ba? Na san abin da za ka ce, ƙanen uba ne, ba a musu da shi a gaban mutane. To ni na iya. Bara ka ce dabara nake yi in ɗauke Baba. Bana ba dabara, a fili nake gaya maka: ranar Alhamis ina zuwa da Malami da mota, zan tafi da ubana. A haɗa masa kayansa da maganinsa da hulunansa duka.

Ka gaida Hajaratu, ka ce ta daina kuka, ba ita ta cire takarda ba.

Zakiyya.


Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi.
24 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga yayana Mujtaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajaratu da yara da sauran mutanen gida. Yaya ƙoƙarin gyaran katanga? Allah ya taimaka. Baba yana nan, jiki da sauƙi, sai dai ya rame.

Tun ranar Alhamis ɗin nan ba ka aiko ba, ni ma ban aiko ba. Abin da na faɗa wa Baffa Maigandi a zaure ban janye ko kalma ɗaya ba, in an sake ma zan ƙara. Kai kuwa ka shiga ka goyo Baba, ka kwantar da shi a mota, ka gyara masa matashi ta gefen da ba ya ji, ka sa masa hula, ka juya. Ban san ta wane gefe ake sa matashin ba sai ranar.

Zan faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Kula da Baba ba abin da na zata ba ne. Ni da Malami mu biyu muke ɗaga shi, kuma duk da haka sai ya yamutsa fuska. In Malami ya zo yi masa wanka sai ya ƙanƙame riga. Kunu a hannuna cokali biyu yake sha ya kau da kai. Yini yake yana kallon ƙofa. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na rasa wa zan ji wa, sai na mayar da shi kan koren allon nan.

Na ari littafin zanen ƙafafun ayisi a wurin aiki, na ɗauki mitar gwajin wuta na bi layukan allon ɗaya bayan ɗaya. A nan na kama ɓarawon. Ka ɗauka ƙaramar ayisi ɗaki ɗaya ce, babbar kuma gida ne mai ɗaki huɗu. Akwai ƙafafu biyu da a wurin ƙaramar ba su da aiki in ana karatu, sai masu ƙera kwamfutar suka ɗaure gurabensu da wuta suka manta da su. A wurin babbar kuwa, ƙafafun nan biyu su ne ke zaɓen ɗakin da za a shiga. Tunda a ɗaure suke, kullum ɗakin ƙarshe injin ke buɗewa. Ni kuma a ɗakin farko na ajiye kayan. Sai na mayar da ita na'ura, na zuba aikin Abdussamadu a sauran ɗakunan uku, iri ɗaya sak, ta yadda duk ƙofar da aka buɗe shi za a tarar. Ka ga abin da babba ta fi ƙarama ta jawo mini.

Jiya da hantsi na haɗa komai a gaban Baba na kunna. Ɗan ɗigon nan mai ƙyaftawa ya fito a kusurwar dama. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga yatsa. Ka san yadda yake yi, sai ya yi ta shawagi kafin ya sauka. Bisimilla ya fara rubutawa. Da ya zo kan wani baƙi daga cikin waɗanda na zana, ya tsaya, ya matso da fuska, ya waiwayo ya dube ni. Na ce ni ce, Baba, na Abdussamadu rana ta cinye. Ya sa bayan hannu ya share ido ya ci gaba.

Na kwafe maka abin da ya rubuta yadda yake. Na farko: "Hankalina ƙalau shike." Na biyu saƙo ne ga Baffa Maigandi, kuma ba zan sa shi a takarda ba, don yara na iya tsinta. Malami sai da ya fita waje ya yi dariyarsa.

Daga nan na gyara zama. Na ce yau Mujtaba zai ji a jikinsa. Har na ɗauko biro, wallahi, ina jiran in kwafe maka kalma bayan kalma in ba Arzika ya kai maka da zafinta. Na ma taya shi. Na ce Baba, ga Yaya Mujtaba da ya cire takarda, ya ɗauke hula, ya ja maka ƙofa, me za a gaya masa?

Ya daɗe yana dannawa. Ga abin da ya fito: "Mujtaba sunan Allah yaɗ ɗauke ƙasa. Ni nak koya mai." Ya huta. Sannan ya ƙara: "Shi ka wanke ni shekara shida. Shi zo shi maishe ni gida."

Na ce Baba, nan ma gida ne, ga wuta, ga asibiti kusa, ga ni in injin ya sami matsala. Sai ya cire hularsa ya jefe ni da ita. A ƙirji ta same ni. Wannan karon ba wanda ya ce iska ce.

To ka ji, Yaya. Wata guda ina ƙona idona a kan ayisi don in dawo masa da baki, da bakin ya buɗe kai ya kira. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa bai yi ba. Shi ya yafe maka. Ni ban gama ba tukuna, kada ka zo kana mini murmushi.

Ka zo ranar Asabar da motar Arzika. Ba za ka tafi da kwamfutar nan ba sai ka zauna na nuna maka cikinta, ƙafa bayan ƙafa, ka ƙirga da bakinka ina ji. Tsohuwar ayisin tana wurina, a nan za ta zauna, da kwafin abin da ke ciki. Kuma ka buɗe gafakar Baba ka zo da takardar nan. Baƙin salatif ya isa ya tare rana, amma Baba ya nuna shi da yatsa ya rubuta cewa ba haka Abdussamadu ya bar ta ba. Kai ka cire ta, kai za ka mayar, ni da Baba muna kallo.

Ka gaida Hajaratu da yara. Ka taho da man zafin da kake shafa masa a kafaɗa, na nemi irinsa a nan ban samu ba.

Ƙanwarka,
Zakiyya.